Abin da ke kai ni bayan gari da asuba

To, tunda yara sun watse, shayi kuma ya kai na biyu, ku matso in faɗa muku, amma don Allah maganar ta tsaya a kan tabarmar nan. Kun daɗe kuna tsegumi wai daga masallaci sai a ga na yi bayan gari, har Alhaji na cewa bazawara na samo a hanyar Gumel. Wallahi ba mace ba ce. Kwaɗi ne. Hotonsu nake ɗauka.

Ku gama dariyar, ina jira.

Ƙanina ne ya ja mini. Bara da hunturu ya je Baturiya, can wajen Haɗeja, ya turo mini hotunan tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su sauka a fadamar. Shi ya gaya mini tun 2008 aka sa wurin cikin jerin dausayin da duniya ke ji da su. Na ce masa mu a Maigatari me gare mu ban da rairayi da raƙuman ranar Alhamis? Ashe ban san garinmu ba. Shamuwa ta iso, ruwa ya sauka, ramin nan da muka haƙe muna buga tubali ya cika a dare ɗaya, kwaɗi suka hana unguwa barci. Washegari na ɗauki Tecno ɗina na je in ga masu wannan surutu.

Makon farko ban samu komai ba sai hoton taɓo. Ina daga nesa ina jan hoton da yatsa biyu, duk ya dagule kamar kunu, don a irin wayoyinmu ja ɗin nan buɗa hoton kawai yake yi, ba ya ƙara masa kyau. Na je da tsakar rana, ruwa ya yi ta walƙiya ya kashe komai. Na je da farar riga, kafin in ƙarasa kowa ya nutse.

Abin da ya gyara lamarin, Malam, kai ma ba za ka so ji ba: kwanciya. Idan kana tsaye, burduddugi dutse ne kawai a hoto. Sai ka shimfiɗa buhu, ka yi rub da ciki, wayar ta kusa taɓa ƙasa, ido cikin ido da shi. Rana tana bayanka, amma kada inuwarka ta faɗa ruwa. Ka goge gilashin da bakin riga, don aljihunmu ba ya rabo da ɓarɓashin goro. Ka taɓa idonsa a fuskar wayar, ka riƙe numfashi, ka danna sau biyar ko shida, wataƙila ɗaya ya fito. A haka wani dattijo ya same ni, ya tsaya a kaina yana salati, ya ɗauka faɗuwa na yi.

Mazari ne ya fi ba ni sha'awa. Kwana uku ina bin sa kamar mahaukaci, sai na lura duk shawagin da zai yi, kan tsinke ɗaya yake dawowa. Na kafa kara a gefen ruwa, na saita waya a kansa, na zauna. Da kansa ya zo, ja wur, har zanen fukafukansa ya fito. Balbela kuwa ba ta da wuya: ku je ranar Laraba da yamma, lokacin da garken shanu ke isowa don kasuwa, za ku gan ta a ƙafafunsu. Munafukin wurin shi ne zakaran ƙeƙuwa, da ya hango mutum sai ya tashi da ihu ya tona masa asiri. Shi ya sa har yau zalɓe bai tsaya mini ba.

Abu biyu nake kiyayewa. Ba na sa ƙafa a ruwan, don ƙananan katantanwar ciki su ke ɗauke da tsargiya, kun kuma san yadda muka yi fitsarin jini muna yara. Sannan in mata na wanki ko yara na wanka, waya tana aljihu har su tashi.

Burina yanzu gaiwa ce. Kifin da zai shige taɓo ya yi watanni yana shaƙar iska har wata damina, ina so in same ta daidai lokacin da ruwa ke janyewa. Ga shi kuwa ya fara ja da baya, da Oktoba ta wuce sai fasasshiyar ƙasa. Gobe in mun idar da sallah, mai so ya biyo ni. Alhaji, ka zo da buhunka, ka kashe ƙarar waya, kuma ka bar babbar rigar nan a gida.