Wasiƙa zuwa ga ɗana mai koyon fiyano a Yamai

Daga Maraɗi

Ɗana,

Innarka ta shigo daga Jiratawa, ta kawo mini tumatir da zogale, ta kuma kawo ƙararka. Ta ce ka gaya mata za ka bar makarantar kiɗa ka dawo ka shiga situdiyo, tunda masu buga fiyanon waƙoƙin biki ba sa rasa na cefane, kai kuwa kana can kana ƙirga ɗige-ɗige a kan layi biyar. Ita da so samu ne ka bar kiɗan baki ɗaya, ka san maganarta, mu ba gidan roƙo ba ne. Na ce ta bar ni da kai.

Ban yarda ka dawo yanzu ba, kuma ina so ka ji dalilina daga rayuwar mutumin da ya yi aiki a wannan cibiya ta Elhaji Taya da kake zaune a cikinta, wato Malam Maman Barka, Allah ya jiƙansa. Batube ne, ɗan makiyaya, an haife shi a Tesker ta jihar Damagaram a ƙarshen shekarun 1950. Lakwal ya yi har ya fito mushe, wato malamin makaranta, ya riƙe alli yana koyar da yara, gurminsa mai tsirkiya biyu na rataye a ɗaki. Da wannan gurmi ya yi suna, yana waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci, har kasat ɗinsa suka cika kasuwannin Nijar suka tsallaka Najeriya. Muna samari babu shagon mai shayi da ba a jin muryarsa.

To, a 2002, ya haura shekara arba'in, sunansa ya kai ko'ina, sai ya karɓi tallafin UNESCO ya nufi bakin tafkin Cadi wurin wani tsoho, Bukar Tar, wanda shi kaɗai ya rage cikin Buduma masunta da ya iya biram. Ka ga biram a ɗakin ajiyar kayan kiɗa na makarantarku, mai tsirkiya biyar, ƙirarsa ƙirar jirgin ruwa. Samarin Buduma sun juya masa baya. Barka ya sauke girmansa ya durƙusa gaban tsohon nan a matsayin almajiri, ya koyi riƙo da bugu da waƙoƙin da ke tafiya da shi. Ba a daɗe ba tsohon ya rasu. Da Barka ya tsaya yana lissafin abin da zai samu a gidajen biki cikin watannin nan, da an binne kiɗan biram tare da mai shi. A 2008 ya hau dandalin bikin kiɗa na WOMAD a Ingila da biram ɗin, Umaru Adamu na raka shi da duma da kalangu da ƙwarya, faifansu ya fito a 2009. Ya rasu a Yamai cikin Nuwamban 2018. Abin da ya fi damuna game da shi har yau, tambayar da ta dame shi ce: wa zai karɓa a hannunsa?

Za ka ce mini shi gurmi ya riƙe, kai fiyano ka zaɓa. Akwai wanda ya zauna kan kujerar da kake zaune. Akin Euba, Bayarabe, haifaffen Legas a 1935, ya yi karatun fiyano da tsara kiɗa a kwalejin Trinity ta Landan, ya ƙware a kiɗan Turawa na asali yadda ba mai raina shi. Da ya dawo gida ya yi aiki a sashen kiɗa na gidan rediyon Najeriya, kuma a nan kunnensa ya koma ga gangunan garinsu. Ya ƙaro karatu a Amurka, sa'an nan ya yi digirin dakta a jami'ar Gana a 1974, a kan dundun, gangar Yarabawa mai magana, ƴar uwar kalangunmu. Mutumin da ya iya karanta kiɗan Turawa irin na Bach da ido ya bi makaɗan gargajiya yana tambaya yana rubutawa.

Ga abin da ya gano, kuma nan nake so ka natsu. Fiyano na da maɓalli 88, kowane da muryarsa guda, a kafe take, ba ta hawa ba ta sauka. Kalangu kuwa a hammata yake: makaɗi ya matse tsarkiyoyin fatar ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko, da haka yake bin hawa da saukar harshenmu har mahauci ya ji an kira sunan kakansa. Fiyano ba zai yi wannan lanƙwasa ba. Amma a cikinsa guduma ce ke dukan waya, saboda haka shi ma abin bugu ne. Sai Euba ya ce a buga shi bugun ganga: gajeren zubi ana maimaita shi, hannun hagu na riƙe da nasa taki, na dama na tafiya da wani, suna saɓawa suna haɗuwa. Ya rubuta kiɗa a kan haka, ya koyar a Ife da Legas da Bayreuth ta Jamus, daga 1993 kuma a jami'ar Pittsburgh, ya rasu a 2020. Ɗalibansa na nan a ƙasashe da dama, kuma duk wanda ya iya karatun ɗige-ɗigen nan da ka gaji da su zai buɗe takardarsa ya buga abin da ya bari.

Ni ban raina ƴan situdiyo ba. Yara ne masu neman halal, wasunsu ɗalibaina ne, kuma suna da kunne. Sai dai yawancinsu na'ura ce ke riƙe musu taki, su danna ta yi ta zuba, waƙar amaryar Soura Bildi da ta ɗan takara duk zubi guda. In ka dawo yau, cikinsu za ka shige, kuma ba za ka fi su da komai ba.

Ka rubuto mini kwanaki cewa darasin jagorancin makaɗa ya fi ba ka wuya, wai ba ka ga amfanin mutum ya tsaya da ƴar sanda yana kaɗa iska ba. Aikinsa ba a ranar taro yake ba, ɗana, a ranakun gwaji yake. Shi ne wanda ya san rabon kowa a ka, ya san inda mai busa zai ja numfashi, ya ji kuskuren mutum guda cikin hamsin. Mu ma muna da shi, sanda ce kawai ba ya riƙewa. Ka saurari faifan Narambaɗa da kunnen basira, ka ji yadda ƴan amshi ke karɓe masa ɗan waƙa kafin ya dire, kotsanni na sassautawa in zai yi magana mai nauyi. Ba dace ba ne, horo ne na shekaru. Haka yake a ƙofar fadar Sarkin Katsina nan Maraɗi, haka a Tsibirin Gobir, garin da Gobirawa suka kafa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Ranar hawan salla ka tsaya kusa da masu tambari da kakaki da algaita, za ka ga akwai dattijo guda da duk idanu ke kansa, in ya ɗaga kafaɗa take ya canza. Takunan nan a ƙirjin tsofaffi suke, kuma ƴaƴansu da yawa sun kama kabu-kabu.

Saboda haka ga abin da nake so. Ka gama shekarunka a makaranta. Hutun nan ka zo da takardarka mai layi da wayar ɗaukar murya, mu hau mota zuwa Tsibiri. Na san wani dattijo mai kalangu a can, mun yi magana, ya ce ka zo. Ka je masa da goro, ka cire takalmi, ka zauna ƙasa, kada ka fara da nuna masa abin da ka iya. Abin da ya ba ka ka rubuta da sunansa da sunan wanda ya koya masa. Daga baya ka gwada shi a fiyano ka ga inda ya shiga da inda ya ƙi. Akwai kuma yaran maƙwabta da ke leƙen ɗakinka duk zuwanka, ka ware musu yamma biyu a mako.

Kuɗin mota da na sabulu zan aiko maka ƙarshen wata. Maganar innarka ni zan je Jiratawa da kaina in yi ta. Kafin ka taso, ka tambayar mini malamanku ko akwai ɗalibin da ke koyon biram a bana, ka rubuto mini amsa.

Ka gaida malamanka da kyau.

Kawunka