Bazara a Filin Giginya

Mu mutanen Kano ba mu damu da gasar rukuni na biyu ba sai da ƙaddara ta jefa mu cikinta. Kano Pillars da ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗaukarsa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ita ce ta faɗo a 2022 tare da Katsina United da Heartland da MFM. Kaka ɗaya muka yi a wannan gasa ta NNL, a 2023 muka koma sama bayan wasannin ƙungiyoyi takwas da aka buga a Asaba. Amma gasar ta riga ta shiga raina, na ci gaba da bin sakamakonta. Saboda haka da cinikin fata ya kai ni Sakkwato a bazarar 2024, bayan ƙaramar Salla, na ƙudura sai na ga Sokoto United a gidanta.

Hanya ba ta da abin faɗa sai fargaba. Daga Funtuwa zuwa Tsafe har Gusau motarmu ta yi tsit, kowa da carbinsa, direba bai yarda ya tsaya wa kowa ba. Sai da muka wuce Talatar Mafara aka fara hira.

Da dare na shiga gari, ɗan kabu-kabu ya kai ni wani masauki da ya rantse mini babu kamarsa a wannan kuɗin. Tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, har na manta yadda ake riƙe jaka a kan babur. Masaukin kuwa Allah ya kiyaye. Famfo ba ya kawo ruwa, bokiti ɗaya aka ajiye mini a bakin ƙofa. Ƙarfe goma sha biyu aka kashe janareta, fanka ta tsaya, bango ya fara mayar da zafin da ya sha tun safe. Zafin Kano na san shi, amma na Sakkwato ya girme shi nesa. Na ɗauki filo na fito tsakar gida.

A nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Samari ne wajen ashirin kwance a kan katifun da suka jawo daga ɗakuna, rigunan ƙwallo a shanye a igiya, takalma a jere gindin bango. 'Yan wasan baƙuwar ƙungiyar da za ta kara da Sokoto United ne washegari. Yini guda suka yi cikin bas, a irin hanyar da na biyo. Ɗaya daga cikinsu, wanda barci ya gagara, yana ɗaure da ƙanƙarar leda a gwiwa. Na tambaye shi ko zai iya bugawa. Ya ce, "Yallaɓai, in ban buga ba babu alawus ɗin wasa, kuma ba ka san ranar da mai neman 'yan wasa zai zo kallo ba." Da hannunsa ya wanke rigarsa. Na daɗe ina kallon ƙwallo, ban taɓa ganin ɗan wasa a daren jajibirin wasa ba sai ranar, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Yaran nan sana'a suke yi, wasu da mata da 'ya'ya.

Da safe na je wurin dattijon baduku da nake sayen fatar jan akuya a hannunsa. Yana ganin idona ya gane ban yi barci ba. Da na gaya masa inda na sauka sai ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Haba ɗana! Ka zo garin Shehu ka kwan wurin da babu ruwa, ina raye? Tai ka ɗauko kayanka." Na ce, "Baba, kada in ɗora muku nauyi." Bai ko amsa ba, ya tura jikansa ya raka ni. A zaurensa aka shimfiɗa mini tabarma, ga randa da ruwan sanyi, ga fura da nono cikin ƙwarya. Furar nan dole in sallama musu, gero ya ji daka, nonon ba gauraye. Gurasa kam ban ga wadda ta kama ƙafar tamu ta Jakara ba, kuma na faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce Bakano ba ya rabo da yabon gida.

Ashe shi ma masoyin ƙwallo ne na gaske. Kafin la'asar ya bi da ni ta Hubbaren Shehu muka yi ziyara, muka wuce ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, sannan muka nufi fili. A hanya yake tuna mini cewa sunan filin na tunawa ne da yaƙin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi da Turawan Ingila a Giginya cikin watan Maris na 1903, kafin ya yi hijira gabas ya yi shahada a Burmi. Ya faɗe shi da nauyi, kamar jiya abin ya faru. Mu namu filin na Ƙofar Mata sunan Sani Abacha yake ɗauke da shi, a wannan kam sun fi mu zaɓen suna.

Amma wajen cika fili ba su kai mu ba. A Kano ranar babban wasa tun azahar wuri ke cika, kirarin "Sai Masu Gida" yana tashi har Kantin Kwari. A Giginya ɓangaren inuwa ne ya cika, na rana sai tsilli-tsilli. A hanyarmu mun wuce gidan kallo maƙil da matasa sun biya kuɗi suna jiran wasan Ingila, suna musu kan Arsenal da Manchester United, alhali ƙungiyar garinsu tana neman hawa Firimiyar Najeriya a nesa kaɗan da su. Wannan ciwo ne da ba Sakkwato kaɗai ke da shi ba, amma a nan ya fi yi mini zafi, don wasan NNL ba kasafai ake nuna shi a talabijin ba. In ba ka zo fili ba, ba ka gan shi ba ke nan.

Waɗanda suka zo kuwa sun san abin da suka zo yi. Ga masu ganga da kalangu a gefe, ga masu ruwan leda da rake suna ratsa mutane. Baba ya san lissafin kakar a ka. An raba gasar gida biyu, Arewa da Kudu, don rage tsawon tafiya, kowane ɓangare da rukunoninsa. Na saman rukuni su je wasan ƙungiyoyi takwas, huɗu su hau Firimiya, na ƙasa su gangara gasar NLO. "Nan gida ba a yin sakaci," in ji shi, "don maki na waje wuya garai. In munka yi canjaras yau, kamar an ci mu ne." Gaskiya ya faɗa. A wannan gasa cin wasa a gidan wani abu ne da ake daɗewa ana labarinsa, kuma koke kan alƙalan wasa ba ya ƙarewa. Ga kuma batun kuɗi: yawancin ƙungiyoyin Arewa na gwamnatocin jihohi ne, abin da ake samu a ƙofa ba ya ɗaukar nauyin ko man bas, in baitulmali ya yi jinkiri kowa sai ya jira.

Wasan kansa ba na ado ba ne. Ƙwallo ta fi yawo a sama, an yi ta karo, zafin rana ya sa kowa yana tattalin gudunsa. Yaron nan mai ciwon gwiwa ya buga har aka tashi, yana ɗingishi in ƙwallo ta yi nisa, yana mantawa da ciwon in ta zo kusa. Na sami kaina ina yi masa addu'a a tsakiyar magoya bayan abokan hamayyarsa. Bayan hutun rabin lokaci masu gida suka zura ƙwallo daga bugun kusurwa, Baba ya miƙe hularsa a hannu yana kabbara. Ni a ganina alƙalin ranar ya yi adalci. Ana tashi baƙin suka shige bas ko wanka ba su yi ba, direbansu yana so ya rage hanya kafin duhu.

Sauran kwanakin ciniki ne kawai, na ɗaure fatuna na koma gida ta hanyar da na zo.

A watan Yuni aka yi wasan ƙungiyoyi takwas a Inugu, kuma Sokoto United tana ciki. Ba ta samu hawa ba. Nasarawa United da El-Kanemi Warriors ne suka haye daga Arewa, Beyond Limits da Ikorodu City daga Kudu, El-Kanemi ma har ta haɗa da Kofin Ƙalubale a shekarar. Na buga wa Baba waya in yi masa jaje. Ya ce Inugu ta yi wa yaran nisa, kuma abin da yake tsoro yanzu manyan ƙungiyoyi su kwashe masu kyau daga cikinsu kafin sabuwar kaka. Ya ja mini kunne cewa in Pillars ta taɓa ko ɗaya, farashin fata zai canja tsakanina da shi.