Ƙari, Ɗari ko Ɓari

Shekara biyu wata ɗaliba a Njamena ta yi tana tattara karin magana daga bakin tsofaffin Hausawan birnin. Ran nan kwamfutarta ta kwaso cuta daga wani filas, allo ya kulle, ana neman kuɗin fansa. Ba ta da kwafi, kuma biyu cikin tsofaffin sun rasu.

Wani mai gyara a kasuwar Dembe ya hana ta biya. Da ya tayar da na'urar da Linux, sai ya tarar ƙofa kawai aka rufe, kayan ɗaki suna nan. Ya kwashe su, ya sake ɗora Windows.

Sai dai tsohon salon haruffanta ya salwanta, kowane harafi mai ƙugiya ya koma ɗan akwati. Mako uku ta yi tana bin layi-layi, tana tantance ko tsohuwar ƙari ta ce, ko ɗari, ko ɓari.