Tagwayen Ƙarfe

A ƙarshen shekarar 2017, bayan na shafe shekara shida ina aikin akawu a wani kamfanin dakon kaya a Sharja, na tsaya a kasuwar motoci ta Haraj tsakanin motoci biyu, na kasa gaba na kasa baya. Ɗaya ja ce, da tambarin Toyota a goshinta, sunanta 86. Ɗayar shuɗiya, da taurarin Subaru guda shida, sunanta BRZ. Duk ƙirar 2013 ne, ƙofa bibbiyu, giyar hannu, kuma ratar kuɗinsu ba ta kai a yi gardama a kanta ba. Sau uku ina zuwa cikin mako guda, har dillalin ya gaji ya ce in jefa kwabo sama in huta.

Ga wanda bai san su ba, Hassan da Husaini ne na gaske. Kamfanonin biyu ne suka haɗa hannu suka fitar da su a 2012, kuma masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ce ke ƙera su duka. Inji ɗaya gare su, mai lita 2 da ƙarfin doki wajen 200, fistin huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, abin da ya sa nauyin motar ya sauka ƙasa har take manne wa kwalta a kwana. Tayoyin baya ne ke tura ta. Subaru ta kawo injin, Toyota ta kawo dabarar fesa mai. Lambar 86 gado ce daga wata tsohuwar Corolla ta shekarun 1980 da matasan Japan suka yi yayi. Bambancin da ya rage sai mai neman gano shi: fasalin bamba, fitilu, da saitin ƙafafu. Ta Toyota tana da rawar kai, bayanta na son zamewa idan aka taka totur a kwana. Ta Subaru ta fi natsuwa. Na tuƙa kowacce, kuma zuciyata tun ranar farko tana wajen shuɗiyar.

Amma ba a Sharja zan zauna da ita ba. Gida zan koma, Omdurman, inda aka haife ni, inda aka haifi mahaifina. Kakanninmu na cikin mutanen da suka baro ƙasar Hausa da niyyar Makka bayan yaƙin Burmi na 1903, guzuri ya ƙare a bakin Nilu, suka zauna noma, zama ya zama gari. Kuɗin da ke hannuna kuwa gumin shekara shida ne, kuma Inna ta riga ta raba shi a ranta: rabi na rufin ɗakuna biyu a gidanmu na Umbadda, rabi na sadaki da lefe.

Na kira Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekara arba'in yana kanikanci a unguwar masana'antu ta Omdurman. Ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya tambaya: "Mutum nawa take ɗauka?" Na ce huɗu, amma na baya sai yara. Ya yi shiru. Can ya ce, "Ɗana, ni da za ka ji tawa, ba ko ɗaya. Amma tunda na ji muryarka na san ka riga ka saya a zuci. To sayi wadda idan ka shiga uku za a saya daga hannunka. A garin nan ko tukunya ka manna wa sunan Toyota sai an taya."

Gaskiya ya faɗa. Sudan ƙasar Toyota ce. Hilux ta zama 'yar gida har ta samu suna, Boksi. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya kuwa Tacha ake ce mata, sunan tsohuwar firaministar Ingila, don taurinta. Subaru kuwa ko yaran gareji sai sun tambaya ta wace ƙasa ce. Na ce masa ai ƙarfen ɗaya ne, sunan ne kawai ya bambanta. Ya yi dariya ya ce ni da na tashi ana kirana Fallata a makaranta, alhali larabcina ya fi na mai kiran, ni ne zan ce suna ba komai ba ne? Ban sami amsa ba. Washegari na biya kuɗin jar.

Kwana ɗaya tak motar nan ta yi abin da aka ƙera ta dominsa, ranar da na karɓo ta daga Port Sudan. Bayan an wuce Suwakin hanya tana hawa duwatsun Bahar Maliya zuwa Sinkat, kwana bisa kwana. Da asuba na hau, babu kowa sai manyan motoci jefi-jefi. Sitiyarin yana gaya wa tafin hannuna duk abin da taya ta taka. Ba gudu na yi ba, don motar ba ta cika gudu ba, manyan motocin attajirai za su bar ta a miƙaƙƙiyar hanya. Daɗinta a juyi yake. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Daga Haya zuwa Atbara zuwa Shandi kuwa hanya ce shimfiɗaɗɗiya cikin rairayi, da ramuka masu sa mutum salati.

Sauran labarin na haƙuri ne. Tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce tsawon tafin hannu ba, lungunmu kuwa ba kwalta. Da damina sai in ajiye ta gidan wani aboki in hau raksha. Da safe in bi cunkoson gadar Farin Nilu zuwa Khartum, ƙafar hagu a kan kuloci har ta yi tsami, 'yan Amjad suna ratsa ni dama da hagu. A 2018 layin mai ya zo, na sha kwana a cikinta a gidan mai, kujerar da aka yi don riƙe mutum a kwana ta zama gadon da ba ya miƙewa. Ranar da Kawu ya buɗe bonet karon farko, ya ga sunan Subaru a rubuce kusa da na Toyota a kan murfin injin, ya dube ni ya ce, "Au, ashe 'yar riƙo ce." Ranar canza filogi kuwa, da ya gano sai an ɗaga injin kafin hannu ya kai, bai yi mini magana ba har la'asar.

Duk da haka ban ƙi ta ba. Da yamma nakan bi Titin Nilu a hankali, in tsaya wajen mata masu shayi kusa da Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa, yara su kewaye ta suna leƙe. Inna sau ɗaya ta shiga. Da muka isa gidan biki sai da mutum biyu suka kama ta ta fito, ta rantse ba ta ƙarawa. Rufin ɗakunan sai 2020 na yi shi. Auren ya biyo baya da shekara guda.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke. Muka yi makonni muna cewa gobe za a daina. Ranar da muka yanke shawarar fita mu tara ne, har da Inna da jaririyar da aka haifa mini. Na tuna maganar Kawu na nemi mai saya, ko da rabin kuɗi ne, don kuɗin motar haya ya ninka ya sake ninkawa. Ba wanda ya taya. Kowa Boksi yake nema, ko duk abin da zai ɗauki katifa da tsohuwa ya bi ta daji. Awarwaron matata muka sayar. Na tura motar ƙuryar tsakar gida, na cire batir, na lulluɓe ta da tamfol, muka shiga bas zuwa wajen dangi a Gadarif.

Bayan wata bakwai maƙwabcinmu ya aiko da saƙo cewa an ɓalle ƙofar gidan. An kwashe tayoyi huɗu da kujerun gaba, an bar gangar jikin a kan bulo. Na nuna wa Kawu hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, ya ja shi da yatsa ya ƙara girmansa, sannan ya ce bonet ɗin a rufe yake, wataƙila ba su taɓa injin ba.

Shuɗiyar kuwa wani abokin aikina ne ya saye ta mako biyu bayan tafiyata. Tana nan a Sharja. Da sallar da ta wuce ya turo mini hotonta an wanke ta, 'ya'yansa biyu a kujerar baya.