Takardar da na zaci laya ce

Bayan sadakar arba'in ɗin Baffa muka buɗe adakarsa. Can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin rasidan haraji da gara ta ci gefensu, ga wata takarda naɗe cikin tsumma, rubutun tawada da alƙalamin kara. Na zaci laya ce. Da liman ya karanta mini, ashe ta cinikin gona ce.

Ba kuɗin gonar ya tsayar da ni ba, sunaye ne. A gidanmu ba wanda ya san sunan yankan mahaifin kakanmu. Matansa ba sa faɗa, surukai ba sa faɗa, wanda aka sa wa sunansa kuma Abba ake ce masa har ya tsufa. Alkunya ta binne sunan tun kafin a binne mai shi. Sai ga shi malamin da ya rubuta takardar ba ruwansa da alkunya: wane ɗan wane, ya sayi gona, gabas ta yi iyaka da burtali, yamma da gonar ƙaninsa. Ƙani? Mu da muke cewa shi kaɗai ya taso daga ƙauyensu!

Mutanen ƙasar Kano mun yi sa'a ta fannin neman asali a takardu. Tun farkon mulkin Turawa malaman taki suka riƙa auna gonaki da ƙafa suna rubuta mai kowace, ba don son tarihinmu ba, don haraji. Shari'o'in majalisar Sarki Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, an rubuta su da Larabci, kuma rikicin gona da na gida sun yi yawa a ciki. Rahotannin kimanta harajin gundumomi suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Sai dai littafin haraji maigida ya sani. In kakarka kake nema, bi takardar rabon gado ta kotun alƙali. Nan za ka ga matar da ta ɗauki tumuni, da 'ya'ya mata ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne fuskar dangi. Na je ƙauye da hoton takardar a waya, ina tambayar zuriyar wannan ƙanin. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Yaro, gadon nan an raba shi tun ba a haifi ubanka ba." Sai da na rantse ba taku ɗaya nake nema ba, sannan ya sa aka shimfiɗa mini tabarma.