Ranar da Zanzaro Ya Tsayar da Motar Kawu

A hutun da ya wuce mu biyu, ni da ɗan kawuna da muke aji ɗaya, mun bi Kawu kai tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Kaduna. Motarsa babba ce mai shan gas, kuma tanki biyu gare ta, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Akwai wani ɗan famfo da ake juyawa a zaɓi tankin da inji zai sha. Ta yi sati uku a ajiye saboda rashin taya, ranar ce fitarta ta farko.

Muna dab da Zariya man tankin hagu ya yi ƙasa, Kawu ya juya zuwa na dama, wanda ke cike fal. Ba mu yi nisa ba mota ta fara tari, ta rage gudu, ta mutu. Rana ta take, ga kwandunan tumatir na mutane a baya. Duk wanda ya san tumatir ya san ba ya jiran kowa.

Yaron mota ya ce filta ce ta toshe. Aka kwance ta, aka sa wadda Kawu yake ajiyewa a ƙarƙashin kujera. Motar gas idan iska ta shiga hanyar mai ba ta tashi, don haka aka sassauta wani ɗan noti a kan filtar, mu kuma aka ba mu aikin danna famfon hannu har kumfa ta daina fitowa. Kawu ya buɗe tanki ya leƙa, ya rufe. Mota ta tashi! Muka yi ta murna, amma bayan ɗan lokaci ta sake mutuwa.

Sai Kawu ya zargi man, ko an gauraya shi da ruwa. Ya buɗe tankin, ya zuƙo kaɗan a gora, muka jira ya kwanta. Da akwai ruwa da mun gan shi a ƙasa, domin ya fi gas nauyi. Babu ko ɗigo. Muka sake danna famfo har hannunmu ya yi ciwo, ta tashi, ta kuma mutuwa a karo na uku.

Mu da ba mu da aikin yi sai kallo, mun lura da wani abu. Duk lokacin da aka buɗe murfin tankin dama sai ya yi "fuuu", kamar yana shan iska. Muka daɗe muna zungurin juna kafin muka ce, "Kawu, ko tankin ne ba ya numfashi?" Yaron mota ya tuntsire da dariya, ya ce 'yan boko sun zama bakanikai. Kawu bai yi dariya ba.

Ashe kowane tanki yana da siririn tiyo da iska ke shiga ta ciki don ta maye gurbin man da inji ya sha. Kamar gwangwanin madara ne: in ka huda waje ɗaya da ƙyar take zuba, sai ka yi huda ta biyu. Malamar Kimiyya ta taɓa gwada mana wannan a aji, lokacin mun ɗauka wasa ne. Kawu ya lalubo tiyon, ya tarar da bakinsa a liƙe da busasshiyar laka. Zanzaro ne ya yi gini a ciki sa'ad da motar take ajiye.

Da guntun waya aka zungure shi. Minti biyu bai cika ba.

Mun isa Kaduna bayan isha'i maimakon azahar. Kwandunan ƙasa sun fara ruwa, dillali ya karya musu farashi, Kawu kuma ya rage kuɗin dako daga aljihunsa don kada ya ɓata da masu kaya. A hanyar dawowa ya saya mana tsire a Zariya. Yaron mota dai har yanzu yana cewa ai tsohuwar filtar ma ta gaji.