Sarƙar Keken Kishingiɗe da Tsawon Mahayinsa

Keken da muka saba da shi yana da sauƙin hali wajen karɓar baƙo. Idan dogo ya sauka gajere zai hau, sai a sassauta noti ɗaya a sauke sirdi, shi ke nan. Sarƙa ba ta ma san an yi canji ba, domin nisan da ke tsakanin feda da tayar baya bai motsa ba. Keken kishingiɗe mai ƙafa uku yana da wata ɗabi'a daban. A jikinsa kujera ce ke zaune wuri guda, feda ce take matsowa ko ta yi nisa, kuma duk inda feda ta je dole sarƙa ta bi ta. Saboda haka tsawon sarƙarsa awo ne na ƙafar mai shi, kuma ranar da keken ya canza hannu sai an sake awon.

Ya kamata in fayyace irin keken da nake nufi, domin da an ce keke mai ƙafa uku sai hankalin mai karatu ya tafi ga Keke Napep, ko ga keken guragu da ake tuƙawa da hannu a titunan Kano. Wannan na biyun ya fi kusa da shi ta fuskar amfani, tunda dukansu suna ɗaukar jikin da keke mai ƙafa biyu ya gagara. Sai dai keken kishingiɗe da ƙafa ake tuƙa shi. Mahayi yana jingine cikin kujera mai kama da ta shan iska, kusa da ƙasa, ƙafafunsa a miƙe gaba. Irin nawa tayoyi biyu ne a gaba, ɗaya a baya, kuma ta bayan ce sarƙa ke juyawa. Feda tana can a ƙarshen wani bututu da ke shiga cikin gangar jikin keken yana fita, wanda zan kira wuyan keke. Kamfanonin da suka shahara da ƙera shi sun haɗa da ICE a garin Falmouth na Ingila, da HP Velotechnik a Kriftel kusa da Frankfurt, da Catrike a jihar Florida ta Amurka. Tuƙi a kishingiɗe kuwa ya daɗe a Turai. A shekarar 1933 Francis Faure ya yi tafiyar fiye da kilomita 45 cikin awa ɗaya a kan keken kishingiɗe mai ƙafa biyu da Charles Mochet ya ƙera a Faransa, ya shafe bajintar da aka kafa a baya, sai hukumar tseren keke ta duniya ta fitar da irinsa daga gasarta a 1934. Tun daga nan ya zama abin hawan masu sha'awa da masu larura.

Larura ce ta kai ni gare shi. Bayan shekaru ina zaune a wajen garin Frankfurt ina zirga-zirga da keke a bakin kogin Main, ciwon baya ya haɗu da jiri suka raba ni da ƙafa biyu. Likita ya ce lallai in ci gaba da motsa jiki, ni kuma na san idan na daina fita da ƙarfin ƙafata, daga kujerar mota sai kujerar ɗaki. Sabon keken kishingiɗe ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na sayi na hannu daga wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar shi. Marigayin dogon mutum ne. Da na zauna cikin kujerarsa, da ƙyar yatsuna suke taɓa feda, sai na tuna cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Awon da ake yi wa mahayin irin wannan keke ya sha bamban da na tela. Mutum zai zauna a ƙasa, ya manna bayansa da bango, ya miƙe ƙafafu, a auna daga bango zuwa diddige. Daga nan a tabbatar a kan keken: idan aka ɗora diddige a kan feda tana can ƙarshen nisanta, ƙafa ta miƙe sarai, ta yadda in an koma taka ta da gaban tafin ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa. Idan feda ta yi kusa da yawa gwiwa ce ke shan wahala. Idan ta yi nisa, ban da ciwon jijiya, akwai haɗarin ƙafa ta zame ta faɗi ƙasa ana cikin gudu, gindin keken ya bi ta kanta. Awona ya nuna sai an tura wuyan keken ciki da inci 3, wato kimanin santimita 7 da rabi.

A nan lissafin sarƙa yake shigowa, kuma da inci ake yinsa ko a Jamus, ƙasar da komai da mita ake auna shi. Sarƙar keke ta yau jikanyar wadda Hans Renold ya ƙirƙiro ce a Manchester a 1880, kuma tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa a jikinta rabin inci ce, milimita 12.7. Kowane rabin inci gaɓa ɗaya ke nan. Gaɓoɓin kuwa iri biyu ne a jere, siririya da mai faɗi, ɗaya na shiga bakin ɗaya, don haka ba a cire su sai bibbiyu. Sarƙar da ake sayarwa don keke na yau da kullum takan zo da gaɓa 114 ko 116. Ta keken kishingiɗe kuwa, saboda tana tasowa daga gaban ƙafafu ta ratsa ƙarƙashin kujera har tayar baya, sai an haɗa irin waccan biyu da rabi ko uku. Na ƙirga tawa na sami gaɓa 280, fiye da mita 3 da rabi, tana bi ta cikin siraran bututan roba da kan wani ƙaramin gargare don kada ta ɓata wando ko ta ja ƙasa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne sarƙa zuwa take yi da dawowa. Idan wuya ya shiga ciki da inci ɗaya, layin sama ya ragu da inci ɗaya, na ƙasa ma haka, sarƙa ta yi rarar inci biyu, gaɓa 4 ke nan. Inci 3 ɗina sun zama inci 6, gaɓa 12.

Mai karatu zai iya tambaya ko ba za a bar rarar haka ba, tunda mai sauya giya na baya yana da hannu mai sifirin da ke jan sarƙa yana ɗaure ta. Hannun nan yana da iyakar abin da zai haɗiye, kuma aikin giya ya riga ya cinye iyakar. A kekena farantan gaba uku ne, masu haƙora 52 da 42 da 30, na baya kuma suna farawa daga 11 su ƙare a 32. Bambancin gaba 22 ne, na baya 21, jimilla 43, kuma wannan ya kusa cika abin da dogon hannu yake ɗauka. Idan sarƙa ta yi tsawo, da an koma ƙananan faranti sai hannun ya naɗe har sarƙa ta riƙa gugar kanta, ta yi lilo, ta sauka daga haƙora. A hawan tudu ake buƙatar ƙaramin farantin gaba, kuma nan ne mai ciwon baya ba zai so ya tashi daga kujera yana mayar da sarƙa ba. Idan kuwa ta gajarce, ɓarnar ta fi muni: ranar da hannu ya kai giya kan babban farantin gaba da babban na baya a lokaci guda, ƙarfin ƙafa zai iya fizge mai sauya giyar ya cusa shi cikin sifok.

A wani ɗakin gyaran keke na unguwa na yi aikin, irin wanda ake ba mutum kayan aiki ya yi da hannunsa, wani tsohon bakanike yana kewayawa yana duba kowa. Na fara daidaita wuya na ɗaure shi tamau, domin ba a yanka sarƙa sai wuya ya sami mazauninsa na ƙarshe. Na yi kwana biyu ina gwada nisan a giyar tsakiya, inda rarar ba ta damuwa, kafin na dawo. Daga nan na buɗe mahaɗin sarƙar, na ɗora ta kan babban faranti gaba da baya ba tare da ta bi ta cikin mai sauya giya ba, na ja bakinta biyu suka haɗu, na ƙara gaɓa biyu a kan haka, na yi alama. Lissafin takarda da awon hannu suka zo daidai a kan 12. Tsohon ya ce in akwai shakka a bar ta da ɗan tsawo, domin ragewa a gaba ta fi ƙari sauƙi.

Na ɗan jima riƙe da abin tura ƙusar sarƙa ban murɗa ba. Dattijuwar ta gaya mini cewa mijinta ya sayi keken ne bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki, kuma da shi ya koma zuwa kasuwa da kansa har shekarar da ya rasu. Kujerar ta karɓi siffar bayansa, amma wannan zai goge da zama. Abin da ya rage na tsawonsa a duniya, wanda za a iya ɗora wa ma'auni, shi ne inci 6 ɗin nan da ke tsakanin yatsuna. Duk da haka keken da ba ya tafiya ba zai amfani mamaci ba, balle mai rai, kuma matarsa ba ta sayar da shi don a jingine ba. Na murɗa, ƙusar ta fita, na mayar da mahaɗi, na bi giya ɗaya bayan ɗaya daga babba da babba zuwa ƙarami da ƙarami, sarƙa ba ta ɗaure ba kuma ba ta yi lilo ba.

Tsohon bakaniken ya hana ni jefa guntuwar cikin kwandon ƙarafa. Ya ce doguwar sarƙa tana daɗewa ba ta ci ba, saboda kowace gaɓa ba ta yawan hawa haƙori kamar a gajeriya, don haka mai yiwuwa wannan sarƙar ta ga mahayi na uku. Idan ya zo dogo ne, waɗannan gaɓoɓi su ne mafi dacewa da a mayar, tunda tare suka fara cinyewa da 'yan'uwansu. Na wanke su, na shafa musu mai, na saka a ƙaramin gwangwani tare da takarda mai ɗauke da adadinsu da nisan da wuya yake a dā, na ɗaure gwangwanin cikin jakar da ke bayan kujera. A makon da ya biyo baya na hau tudun farko na tsaunukan Taunus a kan faranti mai haƙora 30, a hankali ƙwarai, gudun da bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba, abin da keke mai ƙafa uku ke yarje wa mai jiri ba tare da ya faɗi ba.